Haliru da Kwalaben Mansa, Shekara Bakwai Bayan Rasuwa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Haliru. Cikin irin wannan zafi na bazara ne motar asibiti ta ɗauko shi daga Sakkwato, ta wuce ta bakin titin unguwarmu a Boɗinga ba ta tsaya ba, ta kai shi Shagari inda aka yi masa sutura. Tun daga lokacin, duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki alƙalami in sake ajiyewa. Abin da ke hana ni shi ne, ba a iya ba da labarin Haliru a bar aikinsa a gefe, aikin nasa kuwa ni kaina rabinsa na fahimta. Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya, shi kuwa dakta ne a ilimin sinadarai. Bana dai na duba na ga furfura ta gama cinye kaina. In ban faɗi rabin da na sani ba, shi ma zai bi ni ƙasa.

A Mandera aka haife mu. Ni ce babba, shi ne auta, waɗanda ke tsakaninmu ba su rayu ba. Mahaifinmu malamin allo ne, da rani kuma yana noman albasa a fadama kamar kowa. Haliru ne mai haɗa tawadar makaranta. Zai daka gawayi ya yi laushi, ya tace, ya zuba ƙaro, ya dama. Wata rana ƙaro ya yanke a gidan, sai ya dama gawayin da ruwa zalla ya ajiye. Da gari ya waye ya tarar baƙin ya kwanta a gindin kwalba, ruwa ya taso sama garau. Ya ɗauki kwalbar ya nufi zaure.

"Malam, mi ka hana gawayi kwantawa in an sa ƙaro?"

"Ƙaron na ka hana shi."

"To mi ƙaron ka yi mashi?"

Baba ya ce masa ya je ya wanke allonsa. Da yamma na ji yana gaya wa Inna, yana dariya, cewa yau auta ya yi masa tambayar da babu ita a littattafan da ya karanta. Babu wanda ya kawo a ransa cewa tambayar nan yaron zai yi ta bi har ƙarshen kwanansa.

Yana jami'a shekarar da injin ban-ruwan Baba ya ƙone. Albasa ta fara nauyi a ƙasa, lokacin da ta fi bukatar ruwa, injin ya yi wata ƙara da tsakar rana ya tsaya. Makaniki a Shagari ya buɗe ya ce baƙin man ne ya tsinke saboda zafi, ya koma kamar ruwa, ƙarfe ya ci ƙarfe. Kafin a samu wani injin ganyen albasa ya fara kwanciya. Duk gidan muka fita da bokitai, har Inna. Haliru ya zo hutu ya tarar da mu a haka, ya tuɓe riga ya shiga layi. Ba mu ceci ko rabin gonar ba, kuma Baba bai sake noma mai faɗi irin wannan ba har ya bar duniya. Ranar da Haliru zai koma makaranta na ga ya cusa wata kwalba a jakarsa. Ƙonannen man injin ne ya ɗura a ciki.

Ya gama digiri na farko, ya yi na biyu, aka tura shi wata ƙasar Turai mai sanyi ya yi na uku. Da ya gama sun so ya zauna. Ya ƙi. Ya ce injinan da yake nema wa magani ba a can suke ba. Ya dawo ya kama koyarwa a jami'a, ya auri Rabi, suka zauna a birni, Allah Ya ba su ɗiya guda, Asma'u.

Ba zan manta ranar da ya yi mini bayanin aikinsa ba. Ya biyo ta Boɗinga zai je Shagari gaida Inna, wadda ta koma can bayan rasuwar Baba. Ya same ni a tsakar gida ina wanke tukunyar miya da ta yi maiƙo. Ya tsuguna gefena da manyan kayansa.

"Adda, kin san mi sabulun ga ka yi?"

Na ce wanki yake yi. Ya ce kowace 'yar ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai ƙin ruwa. In suka gamu da maiƙo sai su kewaye shi, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje, su zama ɗan dunƙulen da ruwa zai iya ɗauka ya tafi da shi. Ya ce, "Nawa aikin shi na wanga, amma a juye. Ni babu ruwa cikin lamarina. Cikin mai nike aiki, da kananzir, da dangoginsu."

Ga abin da na riƙe daga bayanin, masana su yafe mini inda na karkace. Akwai wani irin zare da ido ba ya gani, dangin roba ne, su suna ce masa bulok kofolima. Zare guda ne amma gida biyu, kamar a ƙulla igiyar rama da igiyar kaba baki da baki. Rabi guda yana son mai, in ya shiga cikinsa sai ya sake jiki ya miƙe. Ɗaya rabin ba ya son mai ko kaɗan, amma ba shi da ikon guduwa, tunda a ƙulle yake da ɗan'uwansa. In an zuba zaren kaɗan a cikin mai, kowanne zai yi ta yawo shi kaɗai. Amma in suka kai wani yawa, sai rabin nan maras son mai ya nemi ire-irensa su cure a tsakiya, masu son man kuma su bazu a waje kamar gashi. Sai a samu ɗan curi mai gashi yana shawagi, dubbai ne a ɗigo guda. Masana suna kiran curin maisel. Ni dai curi na ce masa, shi ma in yana tare da ni curi yake cewa.

Na tambaye shi wa ke tara su. Ya ce, "Babu kowa. Su ka tara kansu. Kowane zare sauƙi shika nema, curin kuwa shi na sauƙin."

Amfaninsu, in ji shi, in zafi ya yi yawa mai zai tsinke, curin sukan saki jiki, gashinsu ya buɗe, sai man ya riƙe kaurinsa. Sukan kuma kama baƙin hayaƙin da ke taruwa a inji su hana shi kwantawa, kamar yadda ƙaro ke yi wa gawayi. Bai taɓa cewa shi ya ƙago abin ba. Ya ce manyan kamfanoni sun daɗe suna zuba irinsa a mai mai tsada. Abin da yake nema shi ne wanda zai dace da zafin ƙasarmu, da arhan man da manomanmu ke iya saye, da ƙaramin injin da ke wuni yana aiki a rana ba inuwa.

Da ya ga ina gyaɗa kai irin na wadda ba ta gamsu ba, sai ya je mota ya ɗauko kwalba biyu. Duka biyun mai ne garau, ba ka bambanta su. Ya ja ni ɗaki ya sauke labule, ya fito da ɗan tocilan mai jan haske, irin wanda malamai ke nuna rubutu da shi a allo. Ya haska ta farko, hasken ya ratsa ya faɗa bango, ba a ga komai a cikin man ba. Ya haska ta biyu. Sai ga jan layi siriri ya miƙe a tsakiyar man tun daga wannan gefe har wancan, kamar an ja zare. Ya ce, "Ga su nan, Adda. Ba ki ganinsu, amma haske na karo da su." Na yi shekara da shekaru ina koyar da yara, ranar ce na tuna yadda yaro ke ji in an nuna masa abin da bai san yana duniya ba.

Sai dai wurin aikinsa ba irin wanda ya baro a Turai ba ne. Na'urar da ke auna girman curin babu ita. Wutar lantarki sai ta ga dama. Shi kansa zaren ba a iya haɗa shi sai a cikin kayan da iska ko laima ba sa shiga, su ma babu su. Saboda haka duk dukiyarsa ita ce wadda ya dawo da ita: zaren nan a siffar wani farin gari, a 'yan kwalabe kaɗan. Kowane gwaji yana cin wani abu daga ciki, ba kuma mai ƙarawa. Yakan aika samfuri ga abokansa na nesa su auna masa. Wani amsarsa ta zo bayan watanni, wani kuma masu ɗaukar kaya su ce ba su ɗaukar mai a kwalba. Na sha ce masa ya koma inda kayan aiki suke. Yakan yi murmushi ya ce mai nema yana tare da samu.

Ɗan baffanmu Sambo, manomi ne a fadamar Shagari, shi ya ba da injinsa aka yi gwajin farko. Mutane sun taru, ni ma na je na tsaya daga nesa tare da matan gidansa. Haliru ya juye tsohon man ya zuba nasa. Injin ya wuni yana aiki cikin rana, muryarsa sumul, Sambo yana taɓa jikinsa yana cewa bai yi zafin da ya saba ba. Muka koma gida da murna. Washegari da sanyin safiya Sambo ya ja igiya, injin ya ƙi juyawa. Ya sake ja har kafaɗarsa ta amsa. Da aka buɗe, man ya daskare kamar kunun da ya kwana.

"Dakta," in ji Sambo, "kunu ka zuba mani cikin inji?"

Dariyar da aka yi a fadama ba ta tsaya can ba. Kafin mako ya zagayo sunan Dakta mai kunu ya kai kasuwar Shagari, ya kai har Kajiji. Ni abin ya ƙona mini rai, shi kuwa ko a jikinsa. Ya wanke injin da kananzir da hannunsa, ya aro wani ya shayar da albasar Sambo, sannan ya zauna a kan kunyar gona ya yi ta juya daskararren man a tafin hannu kamar wanda ya tsinci zinariya. Ya ce mini curin ne suka yi yawa, gashinsu kuma ya yi tsawo, da sanyi ya shiga sai suka harɗe juna suka cunkushe kamar tumaki a ƙofar garke. Yanzu ya san abin da yake bukata: zare mai gajeren gashi. Matsalar ita ce ba shi da shi, ba kuma inda zai haɗa shi. Ya nemi tallafi nan da can, ana ta ce masa ya jira. Kafin nan sai ya koma gauraya 'yan ire-iren da suka rage masa, ko Allah zai sa a dace.

Ranar wata babbar Sallah ce muka lura da ƙafafunsa. Ya fito zai tafi idi takalmi ya ƙi shiga. Aka ce tsayuwar aji ce. Da kumburin ya hau fuska aka je asibiti, aka ce ƙoda ce, duka biyun. Wasu a dangi suka ce sinadaran da yake shaƙa ne. Likitoci suka ce hawan jini ne da ya daɗe yana ci ba a sani ba. Ni ban isa in yanke ba. Aka fara wankin ƙoda. Da ciwo ya yi nauyi ya bar gidan birni, ya mai da Rabi da Asma'u Shagari wurin Inna, shi kuma ya tare a gidana, don Boɗinga ta fi kusa da asibiti. Kayan sawarsa jaka guda ne. Kwalabensa kuwa sai da maigidana ya kwashe buhunan gero daga ɗakin ajiya kafin suka samu wuri.

Na ce a cire ƙodata guda a ba shi. Aka ɗebi jinina, aka yi gwaje-gwaje, muka koma jin sakamako. Likitan ya ce ni ma ina da hawan jinin, ga suga ya fara, in suka ɗauki ƙoda guda a jikina marasa lafiya biyu za su samu maimakon ɗaya. Rijiya ta bayar, guga ya hana. A mota Haliru ya ce, "Adda, ki bar kuka. Dama ba ni karɓa." Na san lallashi ne. Ina zaune a wurin ranar da ya tambayi likitan nan, bayan an yi dashe wata nawa mutum zai yi kafin ya iya komawa tsayuwa a ɗakin gwaji.

Watannin ƙarshe, in ya huta daga wahalar wanki, da hantsi yakan zauna a ƙofar ɗaki da kwalabe a faranti. Hannunsa ya fara rawa, sai na zama hannunsa. Ni ke zubawa, ni ke girgizawa. In yana son sanyin safiyar fadama, sai in binne kwalba a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. In zafi yake so, in ɗora ta a kan kwanon rufin kicin da tsakar rana. Sannan in kawo masa ya karkata ta ya ga yadda man ke gangarowa. Da yawa sun daskare a yashi. Wasu sun tsinke a rana. Farin garin nan kuwa kullum ƙasa yake yi, har na fara kankare gindin kwalba da cokali.

Haɗi na ƙarshe da muka yi, na binne shi ya kwana a yashi, da safe ya gangaro lafiya. Na ɗora shi a rana ya yi zafin da sai da tsumma na ɗauko shi, bai tsinke ba. Muka maimaita, haka. Haliru ya riƙe kwalbar a saitin taga ya daɗe yana kallo. In ka dube ta da kyau tana da wani shuɗi-shuɗi kamar hayaƙi.

"Wagga ta yi kama da wadda nike nema," ya ce.

"To mu kira Sambo."

"A'a. Kama ta yi. Sai an auna."

Ko da mun kira Sambo, abin da ke kwalbar bai cika kofin shayi ba, ba zai isa inji ba, garin da za a ƙara kuwa ya ƙare ƙurmus. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada bai gama wanka ba. Ya miƙo mini ita ya ce in kai ta inda za a auna, in ba a same shi ba. Na ce ya daina irin wannan magana. Bai sake haɗa komai ba. Bazara na shigowa jikinsa ya ƙi karɓar wankin, aka kwantar da shi, bai tashi ba.

Bayan an share makoki na jera kwalaben a kwali, na sa tsumma a tsakaninsu, na shiga mota zuwa sashen da yake koyarwa. Shugaban sashen dattijo ne mai mutunci. Ya miƙe tsaye ya karɓe ni, ya yi addu'a, har ya share hawaye. Sannan ya gaya mini gaskiya, kuma na gode masa da bai yaudare ni ba. Ya ce babu mai bin wannan fanni a cikinsu, na'urar har yanzu babu, ɗalibin da ke aiki tare da Haliru ya samu koyarwa a wata jiha ya tafi. In na bar kwalin zai zauna a kan kanta har ranar da wani zai zo shara. Ya haɗa ni da wasu masana na nesa ta waya. Sun saurare ni da haƙuri, sai suka fara tambaya: mene ne tsawon zaren, wane iri aka gauraya da wane, nawa da nawa. Na ce cokali kaza daga kwalba mai jan murfi, rabin cokali daga mai fari. Aka yi shiru a wayar. Na rungumo kwalina a cinya na dawo Boɗinga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannun da bai san inda jinkar ta dosa ba.

Yau in Haliru ya dawo ya leƙa fadama, ban san ko zai gane ta ba. Tun da man fetur ya yi tashin da ya yi, manoma da yawa sun jingine injinansu sun koma fanfo mai aiki da hasken rana. Faifan sola ne jere a bakin gonaki suna sheƙi. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba baƙin mai. Ranin da ya wuce Sambo ya matsa sai na je na ga nasa. Ruwa yana ta kwarara a fangali shiru, kamar ba aiki ake yi ba. Ya ce, "Adda, da Dakta na nan da ya huta. Wanga ba ya shan mai." Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Ni dai na nemi inuwa na zauna.

Na yi ta juya abin a raina. Wani lokaci nakan ga Haliru ya tsuguna a ƙarƙashin faifan nan yana leƙe, yana damun mai haɗawa da tambayoyi, yana murna cewa albasar wani ba za ta sake mutuwa don mai ya tsinke ba. Wannan halinsa ne, ba ya kishin abin da ya fi nasa. Wani lokaci kuma nakan gan shi zaune a kan kunya shiru, yana kallon yadda duniya ta kewaye tambayarsa ta wuce ba ta amsa ba. Nakan gaya wa kaina cewa babura na nan suna tashin ƙasa a hanyar Kajiji, injinan niƙa na nan, ƙaramin manomin da bai kai ga sola ba har gobe igiya yake ja. Dukkansu baƙin mai suke sha, dukkansu zafi na cinsu. Gaskiya ne. Amma ban san ko hujja nake kawowa ba, ko kuwa zanen rufa nake saƙa wa zuciyata.

Kwalaben suna nan a ɗakin ajiyata. Bazara bakwai ta bi ta kansu. Man ya yi duhu, wasu murafan sun tsage. Ita waccan ta ƙarshen, bara na ga wani abu fari ya kwanta a gindinta. Na kai wa wata maƙwabciyata da ke koyar da sinadarai a sakandare ta duba. Ta juya ta a hankali ta ce, Hajiya, ko mene ne a ciki, zafi ya riga ya canja shi, ko yau aka samu na'urar ba abin da ya haɗa za a auna ba. Na yi mata godiya na dawo. Amana ce aka ba ni, ban ci ta ba, ban kuma isar da ita ba, a hannuna ta tsufa ta mutu. Maigidana yana cewa in zubar saboda jikoki, kuma yana da gaskiya. Nakan ce masa gobe.

To me ya rage na Haliru? Babu gwangwanin mai da ke ɗauke da sunansa. Babu injin da ya rayu saboda shi. Inna da ke alfahari da shi ba tare da ta san abin da yake yi ba, ita ma ta bi shi. Akwai dai waɗanda ya koyar, nakan gamu da su a wurin biki ko ta'aziyya, su durƙusa su ce shi ne malamin da bai taɓa korar tambaya ba. Akwai sunan Dakta mai kunu, wanda yanzu in dattawan fadama suka ambata sai su bi shi da Allah Ya jiƙansa. Da can ina ƙin sunan. Yanzu shi kaɗai ne shaidar da ta rage a bakin mutane cewa wani ya taɓa ƙoƙarin yi musu wani abu.

Makon jiya Asma'u ta zo daga Shagari. Bana take gama sakandare. Ta taya ni tsince shinkafa, can ta ce tana son ta karanta abin da mahaifinta ya karanta. Mahaifiyarta kuwa ta fi son aikin jinya, don shi ana gamawa ake samun abin yi, kuma Rabi ta ga abin da ta gani, ba wanda zai zarge ta. Sun yi ta ja, a ƙarshe suka yarda a kawo maganar gabana, abin da na ce shi ke nan.

"Gwaggo, ke kin san shi fiye da kowa. Da shina nan, mi za shi ce?"

Na dubi yarinyar nan. Na tuna kwalin da na rungumo daga Sakkwato, na tuna shirun da aka yi mini a waya. In na ce ta bi shi, wace ƙasa zan tura ta, tunda abin da ya rasa har yau ba a kawo ba? In na ce kada ta bi shi, da wane baki? An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ni na hau duk rimin da nake da shi, ban hango komai ba.

Na ce mata, "Asma'u, wallahi ban sani ba."

Na zaci za ta ji haushi. Sai ta yi ɗan murmushi, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

"Haka Babana ka cewa," ta ce. "In na tambaye shi abu, sai shi ce, ban sani ba tukuna. Ita ce maganar da na fi tunawa a bakinsa."

Ni ban sa tukuna a tawa ba. Ta kwana biyu ta koma, ba mu sake tada maganar ba, har yanzu kuma suna jirana.

Allah Ya jiƙan Haliru, Ya yalwata masa makwanci, Ya haɗa shi da iyayenmu a inuwa guda. Yarinyar kuma Allah Ya zaɓa mata da kanSa, don ni na kasa.